Rimot Ɗaya Ga Kayan Kallon Gida: Yadda Ake Zaɓen Na Farko



Rimot na gama-gari, wanda 'yan kasuwa ke kira yunibasal, rimot ne guda ɗaya da ke sarrafa na'urori da dama. Shi ke kunna talabijin. Shi ke sauya tasha a dikoda. Shi ke ƙara murya ko rage ta a sifika. Ba a ƙera shi don na'ura guda ba. Mai shi ne ke saita shi, ya nuna masa kayan da zai yi wa aiki.

Yawan kayan kallo ne ya kawo buƙatarsa. A gidaje da yawa na cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Kaura, daga Babban Dodo zuwa Limancin Kona, ɗakin kallo ya tara kaya. Ga talabijin. Ga dikodar StarTimes, ko GOtv, ko DStv. Ga dikodar dish ta kyauta, wadda ake kama tashoshin karatun Alƙur'ani da na wa'azi da ita. Ga sifiku. Wani gidan har da na'urar faifan DVD. Kowace na'ura da nata rimot. Wannan ya ɓace a bayan kujera. Wancan maɓallansa sun goge. Na ukun yaro ya tsoma shi a ruwa.

Shirin na yau kashi shida ne: yadda rimot ke aiki, ire-iren na gama-gari, ƙidayar kayan ɗaki, abin dubawa a kasuwa, yadda ake saiti, da kuma kulawa. Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa duka shidan, kuma za a yi ta maimaita ta. Kayan da ke ɗaki su ke zaɓen rimot, ba kyansa a kanti ba.

To, ga kashi na farko: yadda rimot ke aiki.

A goshin rimot akwai ɗan ƙwan fitila. Idan aka danna maɓalli, ƙwan yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Sunan hasken infirared. Ba ya tsayawa a kunne, ƙiftawa yake yi da sauri ƙwarai. A yawancin na'urori yana ƙiftawa sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya. A gaban talabijin kuma akwai wani ɗan ido da ke karɓar hasken. Tsarin ƙiftawar shi ne saƙon. Wani tsari na nufin a kunna. Wani na nufin a ƙara murya.

Sai dai kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Kowa da yarensa. Sony da nasa, Philips da nasa, kamfanoni da dama kuma suna bin wanda kamfanin NEC na Japan ya tsara. Shi ya sa rimot ɗin Samsung ba ya motsa talabijin ɗin LG. Hasken ya isa, amma yaren bai zo ɗaya ba. Rimot na gama-gari kamar tafinta yake: ya iya yaruka da yawa, sai a faɗa masa wanda zai yi da kowace na'ura.

Rimot bai fara da infirared ba. A 1950 kamfanin Zenith na Amurka ya fito da rimot mai doguwar waya da ke haɗe da talabijin. A 1955 wani injiniyan kamfanin, Eugene Polley, ya ƙera wanda ke haska talabijin da fitila, amma hasken rana kan rikita shi. A 1956 Robert Adler ya kawo mai aiki da sautin da kunne ba ya ji. Daga wajajen 1980 infirared ya mamaye kasuwa. A 1987 Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya fito da rimot mai suna CORE, wanda ke koyon saƙo daga wasu rimot. Irin wannan fasaha ce yau ake samu a shagunan Sabon Gari da Tudun Wada.

Abu biyu za a riƙe daga wannan kashi. Na ɗaya, haske ne ke kai saƙo, don haka dole hanya ta kasance a buɗe. Na biyu, kowace na'ura da yarenta.

Masu sauraro, sai kashi na biyu: ire-iren rimot na gama-gari. Iri huɗu ne.

Na farko shi ne na madadi, wanda bai cika zama na gama-gari ba. An yi shi don kayan kamfani ɗaya. A jikin kwalinsa za a ga an rubuta cewa na talabijin ɗin Hisense ne, ko na LG, ko na Samsung. Ba ya buƙatar saiti. A sa batir, ya kama aiki. Amma na'ura ɗaya yake yi wa hidima. Wanda rimot ɗin talabijin kawai ya ɓace masa, wannan ya wadatar da shi.

Na biyu shi ne mai lambobi. An zuba masa yarukan ɗaruruwan na'urori tun daga masana'anta. Kowane yare da lambarsa, mai alƙaluma uku ko huɗu, wani lokaci biyar. Yana zuwa da takardar lambobin. A samansa akwai maɓallan zaɓen na'ura: na talabijin, na dikoda, na DVD, na sifika. Rauninsa ɗaya ne. Na'urar da ba a zuba masa yarenta ba, ba shi da yadda zai yi da ita.

Na uku shi ne mai koyo. Yana da lambobi kamar na biyu, amma ya ɗara shi da abu guda. Ana ajiye shi gaba da gaba da tsohon rimot, a danna maɓallin tsohon, sabon ya haddace saƙon. Da haka yake iya sarrafa na'urar da ba ta cikin takardarsa. Wannan yana da muhimmanci a kasuwarmu. Dikodojin dish na kyauta da ƙananan sifiku da yawa suna zuwa da sunayen da babu su a kowace takardar lambobi. Mai koyo ne maganinsu. Sharaɗinsa dai tsohon rimot yana nan, kuma yana fitar da haske, ko da maɓallansa sun tsufa.

Na huɗu shi ne wanda ake saitawa da waya ko kwamfuta. Ana sauke manhaja, a zaɓi sunan na'ura da lambarta, manhajar ta ɗauko yaren daga intanet. Wasu suna zuwa da ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗaki, shi ke watsa saƙo, kamar na kamfanin BroadLink. Wannan iri ya fi iya aiki, ya fi tsada, kuma yana buƙatar data. Mai ɗan akwati yana buƙatar wuta da Wi-Fi a kowane lokaci. Mafi shahara a wannan aji shi ne Harmony na kamfanin Logitech, amma kamfanin ya sanar da daina ƙera shi a watan Afrilun 2021. Wanda ya gan shi a cikin kayan kwance, ya sani saitinsa ya dogara da intanet da manhajar kamfanin.

Ga mai sayen farko, iri na uku ya fi dacewa. A maimaita: mai lambobi da ke iya koyo. Ba ya neman data, ba ya neman wuta, batir biyu sun ishe shi.

Yanzu kashi na uku, wanda shi ne ginshiƙin zaɓe: ƙidayar kayan ɗaki.

Kafin a fita kasuwa, a ɗauki takarda da biro. A rubuta kowace na'ura da ake so rimot ɗin ya sarrafa. A juya bayanta. Akwai 'yar takarda manne da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri, wato haruffa da alƙaluman da suka bambanta ta da sauran kayan kamfanin. A kwafe su daidai, ko a ɗauki hotonsu da waya. Idan na'urori uku ne, a nemi rimot mai ɗaukar huɗu. Gurbi ɗaya na abin da za a ƙaro nan gaba ne.

Daga nan sai a tantance yadda kowace na'ura ke karɓar saƙo. Ba dukansu ke aiki da haske ba. Wasu sababbin talabijin masu shiga intanet, da 'yan sandunan kallo irin su Fire TV Stick, suna amfani da Bluetooth, wato siginar rediyo mai gajeren zango. Gwajin mai sauƙi ne. A rufe goshin rimot ɗin na'urar da tafin hannu, a danna maɓalli. Idan na'urar ba ta amsa ba, da haske take aiki. Idan ta amsa duk da an rufe, da siginar rediyo take aiki. Rimot na gama-gari mai haske kaɗai ba zai kwaikwayi wannan siginar ba. Talabijin masu Bluetooth galibi suna da idon infirared kuma, don haka za a iya kunna su, a sauya murya. Abin da za a rasa shi ne ba da umarni da murya, da kibiyar nan mai yawo a fuskar talabijin.

Sai a dubi ɗakin kansa. Hasken rimot yana kaiwa kimanin mita biyar zuwa goma. Ba ya ratsa bango. A cikin ganuwar Zariya, inda gidaje da yawa ginin ƙasa ne mai kauri, wanda ke zaune a tsakar gida ba zai sauya tasha a dikodar da ke cikin ɗaki ba, sai in ƙofa na kallon ta. Haka in an sa dikoda a cikin kabad mai murfin katako, ko an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Idon na'ura ya kasance a fili. Hasken rana mai ƙarfi da ke faɗowa a kan idon shi ma yana raunana saƙon.

Akwai kuma abin da zai iya rage buƙatar sayen komai. Idan dikoda ko sifika na haɗe da talabijin ta wayar HDMI, wayar nan mai faffaɗan baki da ke ɗaukar hoto da sauti tare, to a cikinta akwai hanyar da na'urori ke ba juna umarni. Samsung na kiran ta Anynet+, LG na kiran ta SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In an kunna ta a saitin talabijin, kuma ɗaya na'urar ta san da ita, rimot ɗin talabijin zai iya sarrafa su biyun. Wasu rimot ɗin dikoda kuma suna da 'yan maɓallan koyo a sama, don kunna talabijin da sauya murya. A gwada waɗannan tukuna.

Na'urar sanyaya ɗaki a ware ta. Rimot ɗinta yana aika dogon saƙo da ya haɗa sanyi da ƙarfin iska da sauran saiti a lokaci guda. Na kayan kallo ba kasafai yake iya ɗaukar sa ba. Ita da nata na gama-gari daban.

Mutane na cikin ƙidayar su ma. Wa ke riƙe rimot a gidan? In akwai dattijo mai raunin gani, manyan maɓallai masu tazara sun fi masa amfani. In uwargida da yara ne suka fi kallo, rimot mai maɓalli sittin wahala zai ƙara musu. Kayan da ke ɗaki, da mutanen da ke ɗakin, su ke zaɓen rimot.

Masu sauraro, mun iso kashi na huɗu: abin dubawa a kasuwa.

Ana samun rimot a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da PZ da Tudun Wada, da wajen masu gyaran rediyo da talabijin a cikin birni. A tafi da takardar ƙidaya. A tafi da tsofaffin rimot ɗin, da batir sabo guda biyu.

Abu na farko, takardar lambobi. A buɗe kwali a tabbatar tana ciki. A nemi sunan kamfanin kowace na'ura a jikinta. Rimot mai lambobi da ba shi da takarda, rabin kaya ne.

Abu na biyu, koyo. A nemi maɓallin da aka rubuta wa LEARN, ko a karanta bayanin a takarda. Kada a tsaya ga abin da aka zana a kwali. A roƙi mai shago ya koya masa maɓalli ɗaya daga tsohon rimot, a nan take.

Abu na uku, gwajin haske. A buɗe kyamarar waya, a nuna mata goshin rimot, a danna maɓalli. Za a ga ɗan haske mai launin shunayya yana ƙiftawa a fuskar wayar. Kyamara na ganin abin da ido ba ya gani. In kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba, domin wasu wayoyin suna tace wannan haske. A bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Abu na huɗu, maɓallan da ba a iya yi sai da su. Na kunnawa, na murya, na tasha, da alƙaluma daga sifili zuwa tara. Sai kibiyoyi huɗu da OK a tsakiyarsu. Sai wanda aka rubuta wa INPUT ko SOURCE, wanda ke sauya talabijin daga wannan dikoda zuwa waccan. A gidan da ke da dikoda biyu, shi aka fi dannawa. Dikodoji da yawa suna buƙatar maɓallai huɗu masu launi: ja, kore, rawaya da shuɗi.

Abu na biyar, riƙon saiti. Wasu rimot suna mance komai da zarar an cire batir. Nagari yana riƙe saitinsa. A gwada: a saita, a cire batir na ɗan lokaci, a mayar, a gani.

Abu na shida, kulle murya. Ma'anarsa, maɓallin murya ya riƙa zuwa sifika ko talabijin kullum, ko da dikoda ake sarrafawa. Wannan yana hana danne-danne da yawa.

A ƙarshe, a yi magana da mai shago kan mayarwa in bai yi aiki a gida ba, kuma a karɓi rasit. A kwatanta farashi a shago biyu ko uku. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar dacewa ba ce. A ƙirga, a gwada, sannan a biya.

Kashi na biyar: yadda ake saiti. Hanya uku ce, kuma takardar kowane rimot ita ce jagora, domin matakan kan ɗan bambanta.

Hanya ta farko, shigar da lamba. A kunna talabijin da hannu. A danna maɓallin SET tare da na talabijin, a riƙe har 'yar fitilar rimot ta tsaya a kunne. A shigar da lambar farko da ke gaban sunan kamfanin. A gwada. Kamfani ɗaya kan zo da lambobi da yawa. Wata lambar za ta kashe talabijin, amma murya ta ƙi. Kada a tsaya a kanta. A gwada ta gaba, har a samu wadda ta kama duk maɓallan.

Hanya ta biyu, laluben lamba. Ana bin ta idan sunan na'urar ba ya cikin takarda. Rimot ɗin zai riƙa aika umarnin kashewa da yare bayan yare. A nuna shi ga na'urar, a zuba mata ido. Da zarar ta mutu, a danna maɓallin ajiyewa. Aikin na son haƙuri, yakan ɗauki mintoci.

Hanya ta uku, koyo. A ajiye rimot biyun a kan tebur, goshi na kallon goshi, tazarar yatsa biyu ko uku. A sa wa dukansu batir mai ƙarfi. A kauce wa rana da fitila mai haske sosai. A shiga yanayin koyo, a danna maɓallin sabon, sannan a danna takwaransa a tsohon. Fitila za ta ƙifta, alamar ya ɗauka. A bi su ɗaya-ɗaya.

Wasu rimot suna da jerin umarni: maɓalli ɗaya ya kunna talabijin, ya kunna dikoda, ya kunna sifika, ya kai hoto inda ya dace. Abu ne mai daɗi, amma akwai inda yake tuntuɓe, musamman a inda ake yawan ɗauke wuta. A yawancin na'urori, saƙo ɗaya ne na kunnawa da na kashewa. Idan aka dawo da wuta, ko aka tayar da janareta, dikoda kan tashi da kanta, talabijin kuma ya zauna a kashe. In aka danna jerin a wannan hali, talabijin zai kunnu, dikoda kuma ta mutu. Rimot ɗin bai lalace ba. Ba ya ganin halin da na'ura ke ciki, aikawa kawai yake yi. Maganin shi ne a cire dikodar daga jerin kunnawa, ko a daidaita kayan da hannu bayan dawowar wuta. A kuma ba dikoda lokaci ta gama tashi kafin a aika mata lambar tasha.

Bayan an gama, a rubuta lambobin da suka yi aiki a 'yar takarda, a manna a cikin murfin batir. Tsofaffin rimot kuma kada a yar da su. A cire musu batir, a adana. Ranar da saiti ya goge, ko ake neman wani ɓoyayyen saiti na dikoda, su za a koma wa.

Sai kashi na shida, na ƙarshe: kulawa.

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai, ta hana su taɓa allon da ke ciki. Mutane da yawa suna naɗe rimot da leda, kuma dabarar tana aiki, muddin ledar fara ce mai nuna ciki, ba ta dusashe a wajen goshin ba. A riƙa goge goshin da busasshen ƙyalle. A nisanta shi da hannu mai maiƙo, da ruwa, da kofin shayi.

Zafin bazara kuma yana sa batir ya yi yoyo. Ruwan batir yana cinye ƙarfen da ke ciki. Batir na alkalin ya fi na gama-gari mai araha daɗewa. Kada a haɗa sabo da tsoho, kada a haɗa iri biyu. In za a yi tafiya mai tsawo, a cire batir. In an ga farin gari a mazaunin batir na alkalin, a goge da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan lemun tsami, a bar shi ya bushe sarai, sannan a wanke hannu. Tsohon batir a kawar da shi daga inda yara ke wasa, kada kuma a jefa shi a wuta.

Idan rimot ya daina aiki, a bi matakai huɗu kafin a yanke masa hukunci. A sauya batir. A gwada haskensa da kyamarar waya. A duba ko wani abu ya tare idon na'urar. A tabbatar an danna maɓallin na'urar da ake nufi, domin sau da yawa rimot yana kan DVD ne alhali talabijin ake yi wa magana. In duk an yi haka bai amsa ba, a sake shigar da lambar da ke cikin murfin. In maɓalli ɗaya ne ko biyu suka mutu, mai gyaran rediyo zai buɗe shi ya goge allon, kuma galibi yakan dawo aiki.

A taƙaice, masu sauraro: a rubuta kayan ɗaki, a tantance masu aiki da haske da masu Bluetooth, a nemi mai lambobi da ke iya koyo, a gwada shi a shago, a adana lambobi da tsofaffin rimot. A ƙirga, a gwada, sannan a biya.